Asalin Sukari

"A'a, Malam, ba daga Turanci muka aro kalmar sukari ba," in ji Direba, yana gyara ƙafarsa mai bandeji a kan matashi. "Larabawa sukkar suke cewa. Wani Ba'indiye da na yi wa jigilar kaya shekara tara, shakkar yake cewa. Ya ce a tsohon yarensu ma'anarta tsakuwa."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har da matata da ta kawo masa abinci, da 'yata da ke zaune a bakin gado.

"Tsakuwa kuma?" na ce. "Wannan ai hirar tasha ce."

"To duba littafinka mana. Ni dai ga ciwon sukari yana cin ƙafata, dole in san danginsa."

Shekara talatin ina koyar da harshe. Kafin ya ajiye tuƙi ya tare a gidan da ke jikin namu, duk layin ni ake tambaya. Shi ko sunansa da ƙyar yake rubutawa, amma in ya buɗe baki sai mutane su manta ina wurin. 'Yata ma, da na koya wa karatu da hannuna, ta koma cewa, "Bari in tambayi Kawu Direba."

Ina komawa gida na sauko da babban ƙamus, na kakkaɓe shi. Gaskiyarsa ce, har tsakuwar. Na rufe, na tura shi bayan sauran littattafai.

Bayan an yanke ƙafar na je asibiti dubiya. Ya rame, leɓensa ya bushe, amma yana ganina ya yi murmushi.

"Malam, ka duba?"

"Ban samu lokaci ba."

"Ba komai. In na fito ma duba tare, ka karanta mini."

Bai fito ba. Ran Talata da hantsi ya cika.

Kwana uku gidansa a cike. 'Yata ta yi kuka har muryarta ta dushe, ni kuwa ina zaune ina karɓar gaisuwa, ina tunanin ko ni za ta yi wa irin wannan kukan. Na ji kunyar kaina, amma tunanin bai tafi ba.

A rana ta huɗu na leƙa ta taga. Matarsa ta fito da katifarsa ta jingina da bango don ta sha rana. Tsakiyarta a lotse take, daidai inda yake kwanciya.