Dakalin Bakin Kicin

Uwar Kicin tana goge sabbin kantocin katako sa'ad da mai gyaran famfo ya shigo karo na uku, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa.

"Na haƙa bayan ɗaki, na haƙa gindin katanga," ya ce. "Bututu yana nan, amma inda aka kulle ruwan, wallahi kamar ƙasa ta haɗiye shi."

Ba ta ɗago ba. Shekara ashirin da shida ta yi tana dafa wa ɗalibai abinci a wannan kicin kafin a rufe makarantar, kuma sunan da yaran suka laƙaba mata ya bi ta har yau. Yanzu ƙungiyar unguwa ta sami aron ginin. Masu lambu za su riƙa kawo tumatir da albasa da ganye, masu kiwo su kawo ƙwai da madara, mutane su saya kai tsaye, ba sai kaya sun zaga hannu biyar ba. Wata huɗu ana taro, an yi fenti, an gyara rufi. Ruwa kaɗai ya rage. Duba-gari zai zo da ƙarfe biyu, ya kuma riga ya faɗa: in babu ruwa ba zai sa hannu ba, a ba mai sayar da tayoyi ginin ya yi sito.

'Yar ƙanwarta, sakatariyar ƙungiyar, ta ajiye takardunta. "Inna, ki ƙara tunani mana. Da ke aka rufe wurin nan."

"Tsufa, 'yar nan. Jiya awa guda ina neman tabarau, ashe yana goshina."

Ta yar da tsumman ta fita, ta zauna a dakalin bakin ƙofa.

Ba ta manta komai ba. Marigayi mijinta magini ne, shi ya gina dakalin da ragowar siminti, wai ya gaji da jiran ta a tsaye kamar mai gadi. Kullum in ya tashi aiki nan yake zama, ta miƙo masa shayi ta taga, yara suna zagaye shi suna taɓa farar ƙurar da ke gashinsa. Makullin ruwan yana cikin dakalin, a wata 'yar ƙofa ta gefe. Da aka rufe makaranta ɓarayi suka fara cire ƙarafa, sai ya kulle ruwan, ya cika ramin da kankare, ya shafe har babu alama. Aikinsa na ƙarshe ke nan kafin ciwo ya kwantar da shi. Gidajen da ya gina duk an rushe an yi benaye. Wannan kaɗai ya rage.

Tana nan zaune wata tsohuwa ta turo amalanke cike da kwandunan tumatir, tana haki.

"Sannu, baiwar Allah. Nan ne sabon wurin?"

"Nan ne, amma ba a buɗe ba tukuna."

"Kash. Na ɗauka yau ne." Tsohuwar ta zauna kusa da ita ba tare da an ce ta zauna ba. "Tun safe nake tafe. Dillali ya ce in jira shi jibi. Tumatir ya san jibi? Bara rabi na zubar wa awaki." Ta shafa simintin da tafin hannu. "Kai, wurin nan da sanyi. Wanda ya yi shi ya san aikinsa."

Uwar Kicin ta dubi kwandunan. Na ƙasa sun fara tsattsafo da ruwa. Sai ta ƙwala wa mai gyaran famfo kira.

"Ɗauko guduma. Yana ƙarƙashinmu."

Sakatariya ta fito ta tsaya a ƙofa. Ta dubi dakalin, ta dubi innarta, ta buɗe baki za ta yi magana.

"Kada ki ce komai," Uwar Kicin ta ce. "Taya baiwar Allahn nan janye amalanke."

Dukan farko ko gezau. Na goma ya ɓare 'yar kusurwa. A na ashirin ƙotar gudumar ta karye, mai gyaran famfo ya yi jifa da ita yana share gumi.

"Wane mugun magini ne ya yi wannan?"

Dariya ta kufce mata, har da hawaye. "Mijina ne. Je ka aro babba."

Ƙarfe biyu saura kwata ya kai ga makullin. Famfon kicin ya yi tari, ya tofar da jan ruwa, sannan ya zubo fari tas. Duba-gari ya zo ya tarar da su cikin ɓaraguzai, ya wanke hannu a famfon, ya leƙa ko'ina, ya sa hannu. Kafin ya fita maƙwabta sun fara tsugunawa gaban tumatir.

Uwar Kicin ta fito ƙafafunta na ciwo, ta juya za ta zauna, sai ta tsaya cak, babu sauran dakali. Tsohuwar ta kife wani akwatin katako da ta juye, ta kaɗe shi da gefen zaninta.

"Zo, 'yar'uwa. Zai ɗauke mu mu biyu in kin matsa."