Ɓawon Gahawar Mai Jego

Mu nan dutsen Haraz ba mu shan ƙwayar gahawa. Ƙwaya ta buhu ce, a ɗure a gangara da ita birni. Namu shi ne ɓawon, kishir, a tafasa shi da citta da kirfa da ɗan sukari. Shi ake sha bayan asuba, shi ake ba baƙo, uwa uba shi ake ba mai jego da matan da ke zuwa barka har a yi arba'in. Gidan da aka haihu ba a jiyo ƙamshin kishir tun daga ƙofa ba, wannan gida ya shiga bakin mata ke nan, sai jikokinsa sun ji labari.

Shekarar da Inna za ta rasu, ta lallaɓa da sandarta zuwa tsohuwar bishiyar gahawar da ke bayan tafkinmu, ta tsinke 'ya'yan da suka nuna ɗaya bayan ɗaya. Ta hana kowa sa mata hannu. Ta shanya a kan soro, ta ɓarza a dutsen niƙa, ta sheƙe, ta cika tulu da ɓawon, ta liƙe bakinsa da laka. Sannan ta kira ni.

"Takiyya, wannan na jegon Nabat ne. Ko ina nan ko ba na nan."

Nabat 'yata ce, ita kaɗai Allah ya bar mini, kuma a lokacin ko baiko ba a yi mata ba. Na ajiye tulun a ƙuryar ɗakin hatsi, kullum na shiga ɗibar dawa sai na ɗan shafa shi in wuce.

Ana nan sai ga Ustaz Waddah daga babban birninmu Sana'a, da mota mai ƙyalli da takalmi mai tsinin baki wanda ba a yi shi don hawan dutse ba. Muka ɗauka ƙwaya ya zo saye kamar kowa. Ina! Mutumin nan ya wuce buhunan ƙwaya ko kallo, ya durƙusa gaban kwandon ɓawo, ya ɗiba ya kai hanci, ya lumshe ido kamar mai addu'a. Wai yana jin zabibi, yana jin zuma, can ƙasa-ƙasa kuma yana jin fure. Na ce a raina, ƙara shinshinawa, za ka ji akuya, don a nan take kwana.

Ya tara maza a dandali ya yi musu huɗuba. Wai a ƙasashen waje an gano ɓawon nan yana narkar da kitse, yana wanke hanji, yana sa barci, yana kuma hana barci in an so, yana mayar da tsoho yaro. Mu da muke sha tun muna goye, ga mu nan dai da ciwon gwiwarmu, wasunmu ma sai sun karkace suke shiga ƙofa. Amma da ya faɗi abin da zai biya, babu wanda ya ƙara tambayar hanji.

Kafin kaka ta zagayo an share garin nan tas. Maza suka riƙa bin matansu har madafa suna zazzage gwangwanaye. Aka koma shan baƙin shayin kanti, kowa na yawo da ciwon kai, liman ma sai da ya yi tuntuɓe a Fatiha.

Nawa mijin, Hizam, shi abin ya fi shiga kansa, don shi aka zaɓa a ɗauka hoto. Da idona na ga Ustaz Waddah ya shiga madafata ya ɗebo garin alkama ya barbaɗa masa a gemu. Aka ba shi sandar Inna, aka ce ya ranƙwafa, ya ƙara ranƙwafawa, ya dubi nesa kamar yana tuna wani abu. Mutumin da ko sittin bai cika ba, wanda yake saɓa buhu ya hau da shi soro bai huta ba. Tun daga ranar, da ya ji ƙarar mota a kan hanya sai ya rarumi sandar ya fara tari.

Na ce, "Hizam, ba ka jin kunya?"

Ya ce, "Ke ba ki san kasuwanci ba, uwar Nabat."

To, ni ban san kasuwanci ba.

Nabat ta yi aure a ƙauyen da ke ƙasa da mu, ta sami ciki, ta dawo gida haihuwar fari. Ta sha wuya, har na fara karanta abin da ban so karantawa ba, amma Allah ya sauke ta lafiya, ta sami 'ya mace. Da ta farfaɗo, abin da ta fara cewa shi ne, "Umma, a buɗe tulun Kaka."

Na sauka ɗakin hatsi ina murna har da 'yar waƙa. Da na taɓa lakar bakin tulun sai gabana ya faɗi, don ba liƙin Inna ba ne. Inna tana shafe laka sumul da bayan cokali, wannan kuwa ga shatin manyan yatsu nan ɓaro-ɓaro. Na fasa. Ƙaiƙayin dawa ne cike har baki.

Na same shi a zaure ya jingina da matashi, kumatu ya kumbura da ganyen kat da mazanmu ke taunawa. Na zazzage masa tulun a cinya.

"Ina ɓawon Inna?"

Ya yi tsuru-tsuru. Sai ya fara da cewa ai ɓawo duk ɓawo ne. Da ya ga ba ta nan zai fita ba, ya ce Ustaz ne ya matsa, wai yana neman tsohuwar ajiya, irin wadda ta kwana biyu a tulu, don ita ce manyan mutane suke nema. Kuma ai da kuɗin ya sayo ragon suna.

"Ragon ne zai shiga finjali?" na ce. "Ran Alhamis Hajiya Muhsina za ta hawo da matan danginta. Me zan ba su? Gemunka?"

Hajiya Muhsina surukar Nabat ce. Mace ce da idan ta kurɓi abu sau ɗaya za ta gaya miki wace gona, wace shekara, da ko mai dafawar ta yi faɗa da miji a ranar. Tun wajen aure take ganin ɗanta ya yi ƙasa da ya hawo tudu neman mata. Ba don kaina nake tsoro ba. Nabat ce za ta koma gidan nan ta zauna, kuma duk ranar da ta ƙona miya sai an tuna mata cewa ita ce aka yi wa jego da shayin kanti.

Hizam ya tofar da ganyen, ya ce da asuba zai shiga motar Sana'a ya karɓo. Har da rantsuwa.

Ni kuma na bi maƙwabta gida-gida ina roƙo, abin da ban taɓa yi ba. Duk inda na shiga amsa ɗaya ce: "Wallahi, Takiyya, ko na sa wa a ido." Amma na lura kowace sai ta saci kallon inda mijinta yake kafin ta faɗa. Na dawo hannu rabbana. Nabat ta dubi fuskata ba ta ƙara tambayar tulun ba, ta juya ga bango tana shayar da 'yarta. Da ta yi kuka ma da ya fi mini sauƙi.

Ran Alhamis da hantsi sai ga Hizam, yana tafe yana washe baki, da wani ɗan gwangwani mai ruwan zinariya a hannu, bai kai na tumatir babba ba.

"Ga shi. Shi ne, na tulun Inna. An ma yi mini rangwame da suka gane ni."

A jikin gwangwanin ga hoton mijina nan, fari fat da garin alkamata. Na buɗe. Wasu 'yan jakunkunan takarda ne masu zare, kowace da ɗan gari a ciki wanda ko tururuwa ba zai ƙosar ba. Na ce ina sauran? Ya ce sauran ya haye teku.

Ba yadda na iya. Na shimfiɗa darduma, na sa turaren wuta, na yi wa Nabat kwalliyar jego na zaunar da ita a kan gadonta. Na zuba jakunkunan a buta, na bar guda ɗaya a gwangwanin, ni ma ban san dalili ba. Na loda citta don ta rufa mini asiri. Abin da ya fito dai kamar ruwan da aka ɗauraye tukunya.

Bayan azahar suka iso, Hajiya Muhsina a gaba tana haki, mata na biye. Maƙwabtana ma suka shigo suka cika ɗakin. Aka yi barka, aka ɗauki jaririya aka ce hancin ubanta ne, na zuba na miƙa. Hajiya ta kurɓa. Ta riƙe a baki. Ta haɗiye, ta ajiye finjalin a hankali.

"Ruwan tafkinku yana da daɗi bana, uwar Nabat."

Idon Hajiya kuma ya sauka a kan gwangwanin, wanda don ruɗewa na manta a kan faranti. Ta ɗauka ta juya shi, ta miƙa wa 'yarta Fa'iza, malamar makaranta.

"Karanta mana, na ga kamar na san tsohon nan."

Fa'iza ta karanta, muryarta na rawa don dariya. Wai wannan Shehu Hizam ne, mai shekara ɗari da goma, bai taɓa ganin likita ba, haƙoransa duk suna nan, sirrinsa kuwa shan wannan ɓawo kullum safiya. Wai an samo shi daga tulun kakanninsa da aka binne a kogo tun zamanin sarauniyar Saba.

"Ɗari da goma," in ji Hajiya. "Ikon Allah. Ni da na halarci kaciyarsa, ashe na kusa ɗari da ashirin. Ke kuma, uwar Nabat, kin riƙe jikinki da kyau."

Mata suka fashe, har da masu buga cinya. Na dubi Nabat, kanta na ƙasa, kunnuwanta sun yi ja. A nan na ga rufa-rufar ta ishe ni.

"Ku yi dariyarku, Hajiya, ta cancanta. Ba kogo ba ne, ɗakin hatsina ne. Ba sarauniya ba ce, uwata ce, ta tsinke shi da hannunta tana ciwon ajali don jegon yarinyar nan. Ubanta ya sace ya sayar ya cika tulun da ƙaiƙayi. Ba ni da abin ba ku. Duk abin da za a faɗa a faɗa a kaina, amma Nabat ba ta da laifi."

Babu wadda ta ƙara dariya. Hajiya Muhsina ta daɗe tana kallona. Sai ta sa hannu cikin rigarta, ta yi ta lalube, ta zaro wani farin ƙulli ta jefa mini a cinya. Tun kafin in kwance na ji ƙamshin.

"Kina tsammani mijinki ne kaɗai ɗan kasuwa? Nawa har ƙarƙashin gado ya share. A cikin likkafanina na ɓoye wannan, nan ne kaɗai ba ya taɓawa, tsoron mutuwa yake kamar me."

"To, Hajiya, tun da kin zo da shi, me ya sa kika bar ni na..."

"Na so in ji ko za ki ce mini wannan ruwan kishir ne. Da kin faɗa, da na koma da abina."

Sai wata maƙwabciyata ta tashi wai ta bar tukunya a wuta. Wata ta ce za ta duba yaro. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, waɗannan da suka rantse mini ko na sa wa a ido, suka dawo kowace da ƙullinta. Na wannan yana warin lalle, na waccan ya fito daga cikin matashin kai, wata kuma daga tukunyar da take ce wa mijinta maganin mata ne. Babu wadda ta yarda muka haɗa ido. Na ɗora babbar buta.

Da ƙamshin ya tashi sai ɗakin ya ɗauki surutu irin na barka ta gaskiya. Na zuba wa Nabat finjalin farko. Ta karɓa ba ta sha ba.

"Umma, akwai saura a gwangwanin?"

"Guda ɗaya. Ƙura ce kawai, 'yar nan."

"Yaga ki zuba mini. Ko ƙura ce, hannun Kaka ya taɓa ta."

Na yaga na zazzage mata. Ta sha a hankali har ta shanye, ta lakaci na gindin finjalin da yatsa ta shafa a leɓen jaririyar. Ni dai na juya ina gyara garwashin da ba ya bukatar gyara, don idona ya cika.

Can sai na ji tari daga ƙasan matakala. Na leƙa. Hizam ne tsaye, ba sanda, ba ranƙwafawa, ya ɗaga hanci sama. Rabonsa da kishir tun zuwan Ustaz Waddah.

"Uwar Nabat," ya ce ƙasa-ƙasa, "ko ɗan rabin finjali. Kaina kamar zai tsage."

Na koma na ɗauko gwangwanin, na sauka na damƙa masa, na ɗauke sandar Inna da ke jingine a bango.

"Ga tsohon nan da yake sha kullum safiya. Ka roƙe shi ya sam maka."

Na hau na rufe ƙofa. Hajiya Muhsina tana miƙo finjalinta a ƙara mata.