Ƙaro a Cikin Ƙwallo

Shekara biyu ƙwallo ɗaya 'yan matan makarantar ke bugawa, kuma Turai ce mai ajiye ta. Makarantar tana bayan Kura, tsakanin gonakin alkama da na tumatir. Filin wasansu tsohon daɓen siminti ne da ake shanya shinkafa a kai, aka kafa masa kwanduna biyu. Tun a zangon farko ƙwallon ta faɗa kan ƙayar shinge ta fara sace iska. Mai facin keke ya juya ta, ya ce irin wannan ba ta facuwa. Turai ba ta gaya wa kowa ba. Ta ɗebi ƙaron da mahaifinta, Malam Maharazu, ke haɗa tawada da shi, ta jiƙa, ta ɗura ta bakin iska da tsohon sirinji. Hujin ya toshe. Duk sanda iska ta sake zurarewa sai ta ƙara.

A ranin 1986 aka haɗa su da wata makaranta daga ɓangaren Bunkure. Wadda ta ci ita za ta je gasar jiha a Kano. Turai tana aji biyar, ba ta da wata shekarar bayan wannan.

Alƙalin wasa, Malam Iliyasu, daga birni aka turo shi, sanye da farar riga tas. Ya miƙa hannu ya ce masu masauki su kawo ƙwallonsu. Turai ta ba shi tana ɗaga kai. Ya auna ta a tafin hannu, ya yamutsa fuska. Sai ya ɗaga ta daidai kansa ya saki. Ƙwallon ta bugi siminti, ta taso da kyar zuwa cinyarsa, ta karkace hagu ta gangara.

"Doka ta ce idan an sake ta daga ƙafa shida, ta taso aƙalla ƙafa huɗu," in ji shi. "Kuma ta taso a miƙe. Wannan ina za ta?"

"Gonar tumatir za ta koma," wata daga cikin baƙin ta ce. Sauran suka tuntsire da dariya.

Malama Barira, mai koyar da su wasa, ta ce ƙila iska ce ta yi kaɗan. Alƙalin ya zaro allurar famfo ya soka. Maimakon iska, wani ruwa mai kauri, ja-ja baƙi-baƙi, ya feso masa a gaban riga. Ya taɓa da yatsa, ya shinshina.

"Mene ne wannan?"

Malama Barira ta kasa rufe baki. Ta dubi 'yan wasanta ɗaya bayan ɗaya. Turai ta tako gaba.

"Ƙaro ne, Malam. Ni na zuba."

"Ƙaro? Allo kika mai da ita?"

"Huji ne da ita. Da ban zuba ba, da tun bara babu wasa a makarantar nan."

Malamar baƙin ta matso ta ce tunda masu masauki ba su da ƙwallon da doka ta yarda da ita, a ba su wasan kawai su kama hanya. Turai ta dubi ƙawayenta. Shekara biyu suna share ƙaiƙayi kafin su yi atisaye, tafin ƙafa duk kanta, a ce ko taɓa ƙwallo ba za su yi ba?

Malam Iliyasu ya girgiza kai. "Alƙali ne ke zaɓen ƙwallo. In ta gida ba ta yi ba, sai ya ɗauki ta baƙi. Ku kawo taku."

Tasu sabuwa ce fil. Da ta shigo hannun Turai sai ta ji kamar an miƙa mata busasshiyar ƙwarya. A nan ta gane irin nauyin da ta ɗora wa hannuwan ƙawayenta ba su sani ba. Jifanta na farko ya tsallake allon kwando ya faɗa cikin albasar maƙwabta. Ƙawayenta ma haka: Rekiya ta jefa wa Saude, ƙwallon ta buge ta a ƙirji har ta zauna. Idan suka buga ta a ƙasa sai ta taso musu har haɓa. Aka tafi hutun rabin lokaci baƙi na da goma sha shida, su huɗu.

Saude na kuka. Malama Barira ta tsaya riƙe da butar ruwa, har yanzu kallon Turai take kamar yau ta fara ganinta.

"Ke kika jawo," in ji Rekiya.

"Ni na jawo," Turai ta amsa. "Hannu ba zai manta aikin shekara biyu a minti ashirin ba. Amma ƙafa tana matsawa. Kowa ta ja baya taku uku daga inda ta saba jifa. Kuma ku daina matsowa kusa da juna."

Da aka dawo, baƙin suka taru ƙarƙashin kwando suna jira, kamar yadda aka koya musu. Turai ta tsaya can nesa, inda babu mai tsaronta, ta jefa. Ta kuskure. Ta sake, ta kuskure. Na uku ya shige ko ƙarfe bai taɓa ba, maki uku na jifan nesa. Dariyar baƙin ta ɗauke. Rekiya ta ci irinsa biyu daga gefe. Kafin malamar baƙin ta gama daka musu tsawa su fito daga ƙarƙashin kwando, rata ta koma maki uku. Kafaɗun Turai na zafi kamar an zuba barkono, ba ta nemi canji ba.

Malam Iliyasu ya busa usur na ƙarshe su Turai na da ashirin da tara, baƙi ashirin da takwas. Ya daɗe yana duban takardar maki kafin ya sa hannu, sannan ya mayar wa baƙi ƙwallonsu.

Rekiya ta zube a kan siminti tana haki. "To, Kanon da me za mu je? Ko ƙwallo ba mu da ita."

"Suna da ita a can," in ji Turai. "Tashi, simintin nan da zafi."