Guguwar da Ta Ƙi Tsayawa

Injiniya ba ta yarda da hannun kowa ba, kuma duk 'yan ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo sun san halinta. Ita ke kula da abin da ke fitowa a ƙaton allon da ke bayan dandamali: teku, wata, ruwan sama, har da sautin da ke tafe da su. Ta jera su bi da bi a manhajar kwamfuta, kowanne yana jiran a danna masa ya shigo. Da cikinta ya tsufa likita ya ce ta zauna a gida ta miƙe ƙafa, kowa ya ɗauka za ta saki aikin. Ina! Sai ta haɗa kwamfutar zauren da wayarta ta intanet, ta kafa 'yar kyamara tana kallon dandamali, sannan ta garƙame kwamfutar da kalmar sirri.

"Daga kan gadona zan yi muku ruwa da iska," in ji ta. "Wanda ya taɓa min kaya, ni da shi ne."

Wasan ranar kuwa ba na wasa ba ne. Mijinta, Dogo, ya yi shekara da shekaru yana fitowa a mai gadi, ko gawa, akwai ma lokacin da ya fito a bishiya. Yau ne karon farko da aka ba shi jarumi, kyaftin ɗin jirgin ruwa, a babban zauren gari. Manajan zauren zai zauna a layin gaba. In wasan ya burge shi, zauren ya zama nasu duk ƙarshen mako, in bai burge shi ba su koma filin makarantar da suka saba, Dogo ya koma bishiyarsa.

Dogo ya fita da hantsi, rungume da hularsa ta kyaftin. Bai daɗe da fita ba naƙuda ta ce ga ni nan.

Mama, mahaifiyarta, ta rarumi waya za ta kira surukinta. Injiniya ta riƙe mata hannu.

"Mama, don girman Allah kar ki kira shi. Kin san shi sarai. In ya ji, daga kan dandamali zai diro, ko sallama ba zai yi wa mutane ba."

"Ke, kanki ɗaya kuwa? Haihuwa ce fa!"

"To ai ba shi zai haihu ba. Ki bar shi ya gama wasansa."

Mama ta yi ta sababi tana haɗa kaya, amma ba ta kira ba. A ɗakin jira na asibiti Injiniya ta buɗe wasan daga wayarta. Ta cusa abin sauraro marar igiya a kunne, ta haɗa layi da Baba Mai Sauti, dattijon da ke zaune gaban lasifikoki a bayan zauren. Ta danna, tashar jiragen ruwa ta bayyana. A ɗan allon wayar ta hango mijinta ya shigo yana taku ɗai-ɗai, ƙirji a gaba, sai ta ji daɗi ya rufe ta har ta manta ciwon na ɗan lokaci.

"Injiniya," in ji Baba Mai Sauti a kunnenta, "wannan nishin fa da nake ji?"

"Motsa jiki nake yi, Baba. Ka kula da aikinka."

Aka shigar da ita ɗakin haihuwa. Ungozomar wata gajeriyar mata ce da ba ta ɗaukar wargi. Ta dubi wayar, ta dubi mai wayar.

"Ajiye wannan abin."

"Sista, aiki nake yi."

"Nan ma aiki aka zo yi."

Ba ta ajiye ba. Sai dai akwai abin da duk lissafinta bai hango ba: duk lokacin da ciwo ya murɗo, hannunta matse wayar yake yi, kuma babban yatsanta a kan madannai yake. Kyaftin yana tsaka da bankwana da tsohuwarsa a farin wata, ido ya cika da hawaye, sai tsawa ta tarwatse a zauren, har wata mata ta yar da jakarta. Dogo ya ɗaga kai sama.

"Kin ji ko, Inna? Ko sama ba ta son tafiyar nan."

Zauren ya ɗauki dariya. Jirgi ya kai tsakiyar teku, ciwo ya sake murɗowa, sai ga cunkoson motoci ya cika allon, da hon da komai, hoton wani tsohon wasa ne da ta manta ba ta goge ba. Dogo ya kare ido da tafin hannu ya leƙa.

"Matuƙi! Wace hanya ka biyo da mu? Juya, ka shigo da mu bakin kasuwa!"

"Injiniya, me kike yi haka?" in ji Baba Mai Sauti. "A'a, tsaya, ci gaba! Manaja ya riƙe ciki, yana dukan kujera."

Ta yi dariya, dariyar ta zama ƙara, ƙarar ta koma dariya. Da ƙyar ta lallaɓa ta maido da teku, ta kai su wurin guguwa. Ita guguwar nan ta saita ta ne ta yi ta maimaita kanta har sai an danna mata tsayawa, don Dogo yakan ja jawabinsa in daɗi ya kwashe shi. Igiyar ruwa ta tashi, walƙiya ta haska, iska ta cika lasifika. A daidai nan ungozoma ta fizge wayar ta miƙa wa Mama.

"Wasa ya ƙare. Ga kai nan ya taho."

A zaure kuwa wasa bai ƙare ba. Dogo ya yi jawabinsa na jarumta, ya ɗaga hannu yana jiran rana ta fito. Guguwa ta ci gaba. Ya sake jawabin daga farko. Guguwa ko gezau.

"Injiniya, kalmar sirrin!" Baba Mai Sauti ya yi ta roƙo. "Ki ba ni in tsayar da ita daga nan!"

"Wayyo! Wayyo Allahna!"

"Na gwada wayyo, ta ƙi buɗewa!"

Mama ta riƙe wayar nesa da jikinta, tana tsoron taɓa komai, amma idonta ya kasa barin allon. Ita da ta zo tana faɗa, sai ga ta ta zama mai ba da labari.

"Ga mijinki can ya ce a rage kaya. Sun jefa akwatuna a ruwa. La, sun jefa kujerar kyaftin! Yanzu takalminsa ya cire. Yi nishi, 'yar nan, shi ma yana can yana fama."

"Tura!" in ji ungozoma. Can ta ɗan karkato kai wajen Mama. "Sun nutse?"

"Tukuna. Kukun jirgin suke ja za su jefa, ya rungume ƙafar matuƙi."

Ta kunne ɗaya Injiniya tana jin ungozoma, ta ɗayan tana jin zaure yana neman tsagewa. Dogo ya ƙare jawabi ya shiga wasiyya, ya raba wa matuƙa gonakin da ba shi da su, ya yafe wa mutanen da ba sa cikin wasan. Muryarsa ta fara dusashewa, amma bai sauka ba. Ta ji tausayinsa, ta ji alfahari da shi, ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata.

Sai kuka, siriri mai kaifi.

"Mace ce," in ji ungozoma. Ta goge ta, ta kwantar mata da ita a ƙirji, ɗumi-ɗumi, tana ta mutsu-mutsu. Injiniya ta dube ta, hawaye ya zubo. Can ta miƙa hannu.

"Mama, wayar."

Ta danna. Iska ta ɗauke, teku ya kwanta, rana ta fito ja-jawur a bayan Dogo. 'Yan wasan suka zube a ƙasa, kuma zubewar nan ta gaske ce. Dogo ya miƙe ba takalmi, rigarsa sharkaf da gumi, ya fara jawabin ƙarshe da 'yar muryar da ta rage masa. Manhajar tana da wani gurbi na rubuta sanarwa, inda ake cewa mai mota kaza ya zo ya janye ta. Injiniya ta buɗe shi ta yi rubutu, amma ba ta tura ba. Ta jira shi. Sai da ya faɗi kalmarsa ta ƙarshe, ya cire hula ya rusuna, sannan ta danna.

Manyan haruffa suka hau kan ranar nan: DOGO, MACE CE. MUNA ASIBITI, LAFIYA LAU.

Zauren ya fashe. Mutane suka miƙe tsaye suna ihu suna nuna allo. Dogo, da ya ba allon baya, ya ɗauka duk nasa ne. Ya sake rusunawa, ya dafa ƙirji, ya ƙara rusunawa. Sai da kukun jirgin ya kama kafaɗunsa ya juya shi.

"Injiniya," in ji Baba Mai Sauti, yana dariya yana jan hanci, "manaja ya ce zauren naku ne. Amma yana tambaya, wai haihuwar ma kowane mako za a riƙa yi?"

Hankalin Injiniya yana kan wayar. Tana kallon ɗan allon, inda mijinta ya karanta rubutun, ya sake karantawa, ya zauna daɓas a tsakiyar dandamali ya rufe fuska da hular kyaftin. Tafi bai tsaya ba. Ta zare abin sauraron daga kunnenta, ta kawo shi kusa da ɗan kunnen jaririyar.

"Saurara," ta ce a hankali. "Babanki ake yi wa."