Ƙwan Kanti a Kwandon Luben

Luben yana goge ƙwai na goma sha ɗaya da tsumma da ruwan khal sai ya ji tarin Inna Ginka a bayan shinge. Ya yi maza ya ja tawul ya rufe kwanon. Kowane ƙwan kanti da jan hatimi yake zuwa a jikinsa, kuma a wata huɗun nan Luben ya ƙware wajen cire shi: a jiƙa, a ɗan jira, a murza a hankali kada ɓawon ya yi sheƙi ya tona asiri.

Tsohuwar ta leƙo ta tsakanin ganyen wake. Ta haura tamanin, ƙawar marigayiya mahaifiyarsa ce, kuma duk da furfurarsa har yau da sunan yarinta take kiransa.

"Yau ma wanka ake yi musu, Lubcho?" ta ce. "Kajinka akwai tsafta. Nawa dai da kashi suke ajiye mini."

Ya ce ƙura ce kawai yake sharewa. Ta ce Allah ya taimaka, ta koma cikin wakenta. Ya tsaya da tsumman a hannu.

Shekara ashirin da shida ya yi a wani ofishin inshora a birnin Plovdiv. A watan Janairu aka kira shi ɗakin manaja, aka ba shi kofi, aka ce an haɗe sashensu da wani. Bai gaya wa kowa sallamarsa aka yi ba. Abin da ya faɗa wa 'yarsa Nevena shi ne ya gaji da birni, kuma abin kunya ne mutum yana da ƙasar gado ya riƙa sayen abinci a leda. Ya kwashe kayansa ya dawo gidan mahaifiyarsa a ƙauye, ya ce daga bana abin da hannunsa ya shuka shi zai ci.

Da sanyi ya wuce ya sayi matasan kaji goma sha biyu a kasuwa, mai sayarwar ya rantse masa nan da wata guda za su fara ƙwai. Da suka girma, bakwai suka fara cara. Dila ya ɗauke biyu. Ukun da suka rage zakarun sun hana su sakat, bayansu duk a fige, sai a yi kwana huɗu ba a ga ƙwai ɗaya ba. Tumatir kuwa, Inna Ginka ta ce ya ba su tazara, ya riƙa zuba ruwa a gindi da sassafe. Ya ce mata ya kalli masana a waya, noman yanzu ba irin na da ba ne. Ya dasa su a cunkushe, yana fesa musu ruwa ta sama. Bayan ruwan Yuli ganyen ya yi tabo, ya yi baƙi, 'ya'yan suka ruɓe a jikin uwarsu.

Amma duk Lahadi Nevena tana samun hoto. Tsayawa yake yi a kan bokiti ya miƙa wayar ta saman shinge, ya ɗauki lambun maƙwabciyarsa. Duk ranar Juma'a kuma sai ya hau bas zuwa garin Karlovo ya sayo ƙwai, ya goge, ya jera a kwando da busasshiyar ciyawa, ya ba direba ya kai mata.

Yau kuwa su Nevena ne da kansu za su zo, da rana tsaka motarsu ta tsaya a ƙofar gida. Nevena ce ta fara fitowa, ta rungume shi, ta ce ya rame amma ya yi kyau, iskar ƙauye ta karɓe shi. Mijinta Rumen, mai gyaran lif, mutum marar yawan magana, ya biyo ta da kankana a kafaɗa. Tun da safe Luben ya wanke zannuwan gado huɗu ya shanya a igiyar da ke tsakanin tsakar gida da bayan ɗakin itace, inda lambunsa yake. Ya zaunar da su a ƙarƙashin rumfar inabi, bayansu na kallon shanyar.

Ya kawo tumatir da kokwamba da farin cuku, da banitsa, wainar fulawa da cuku da ya gasa da ƙwai biyar, ya zuba wa surukinsa barasar da suke kira rakiya a ƙaramin kofi. Nevena ta sa yankan tumatir a baki ta lumshe ido, ta ce irin na Kaka ne sak, ba a samun wannan a birni. Daga hannun wata mata a kasuwar Karlovo ya saye shi jiya. Ya sunkuyar da kai ya ce ta ƙara.

Ana tsakiyar ci ta dubi mijinta, ta ajiye cokali.

"Baba, mun zo da magana. Na rubuta takardar ajiye aiki, Litinin zan miƙa."

Shekara tara tana aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti. Ta ce ta gaji da kwana a wurin aiki, ta gaji da gidan haya mai ɗaki ɗaya. Za su saki gidan a ƙarshen wata su dawo nan, su gyara ɗakunan baya. Rumen zai riƙa zuwa birni kwana uku a mako, ita kuma ta kama lambu da kaji tare da mahaifinta. Ta ce da farko tsoro take ji, amma duk Lahadi idan hoton ya shigo sai ta ce wa kanta, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba ya yi wannan a damina ɗaya, ita me zai hana ta.

Luben ya ɗauki kofin ruwa ya mayar bai sha ba. Ya ji bakinsa yana cewa madalla.

Ta miƙe ta ce a je ta ga lambun da idonta. Ta kai hannu za ta ɗaga zanin farko ke nan, muryar Inna Ginka ta taso daga shinge.

"Zagayo ta nan, 'yar nan. Ai a wajena ya yi shukar. Ƙasarku ta gaji, na ara masa tawa."

Ko kallon Luben ba ta yi ba. Ta buɗe ƙaramar ƙofar da ke tsakanin gidajen biyu, ta kama hannun Nevena ta shige da ita cikin layukan tumatir da suka fi mutum tsayi. Daga inda yake zaune yana jin 'yarsa tana dariya, tana cewa ga wanda ta gani a hoto, ga tattasan nan. Yana jin tsohuwar tana amsa mata da i, i, ubanki akwai hannu.

Hanya ta buɗe masa ke nan. Ba wanda zai sake tambayar abin da ke bayan shanya. Rumen ya matso da kujerarsa, cikin ladabi ya tambaye shi kaji nawa za su ishi mutum uku, don yana so ya fara tanadin katakon akurki. Luben ya dubi hannuwan surukin nasa, duk tabon baƙin mai, hannun mutumin da ke shirin barin rabin aikinsa saboda hoton da aka ɗauka a kan bokiti. Ya tashi ya je bakin ƙofar ya kira Nevena.

Ta fito da tumatir biyu a hannu. Ya wuce gaba zuwa wurin shanyar. Ya ciro zannuwan ɗaya bayan ɗaya ya rataya a kafaɗa, ya matsa gefe.

Sanduna ne a tsaye, kowace da baƙin kara a ɗaure, ƙudaje na bin ruɓaɓɓun 'ya'yan da suka zuba a ƙasa. Kokwamban ta bushe tun tuni. A cikin akurkin waya zakaru bakwai suna zagaye kaji uku da suka rakuɓe a lungu.

"Wannan ne nawa," ya ce. "Wancan na Inna ne, ban taɓa zuba masa ko kofin ruwa ba. Ƙwan kuma na kanti ne. Aikin ma ba ni na bari ba, sallamata aka yi."

Nevena ta dubi sandunan, ta dubi kajin. Da ta yi magana, a hankali ta yi. Ta ce wata huɗu tana raba ƙwan nan wa abokan aikinta bibbiyu, tana cewa na kajin babanta ne, har wata tana ajiye wa jaririnta. Ta ce maganar aiki kuwa, rabin iyayen ƙawayenta an sallame su, ba wanda ya mutu. Sannan ta juyo ta dube shi.

"Da ban zo yau ba, da waya kawai na yi maka, za ka bar ni in miƙa takardar?"

Ya so ya ce a'a. Ya buɗe baki, ya ga idonta irin na uwarta.

"Ban sani ba, Nevena."

Ta gyaɗa kai. Ta je ta miƙa wa Inna Ginka tumatirinta biyu ta saman shinge, ta yi mata godiya. Tsohuwar ta ce ta tafi da su mana, ta ce a'a, ta gode.

Ba su jira an yanka kankanar ba. A bakin mota Rumen ya riƙe hannunsa ya ɗan daɗe, ya ce in an rage zakarun kajin za su huta, haka kakarsa take yi. Nevena ta shiga ta ja bel, ta sauke gilashi rabi. Ta ce takardar za ta zauna a aljihun tebur, kuma kada ya sake aiko da komai ta bas. Ta ce za ta kira, amma ba wannan makon ba.

Da ya koma ciki ya tarar da Inna Ginka a bakin shinge. Ya fara laluben kalmar da zai faɗa mata, ta katse shi. Ta ce ita ba don shi ta yi ƙarya ba, don uwarsa ta yi, kuma gobe sai ta kunna kyandir a coci a kan haka. Ta ce tunda an daina ɓoyo, ya tuge mata baƙin karan nan yau ɗin nan ya kai juji, mako uku ke nan tana fargabar cutar ta tsallako wajenta.

Ya tuge su duka, ya cika baro har ya yi tozo. Hanya biyu ce ke zuwa jujin ƙauyen. Ɗaya ta bayan gidaje take bi, ta bakin rafi, ba ka haɗuwa da kowa sai awaki. Ɗayar ta tsakiyar gari, ta gaban shagon da dattawa ke zama da yamma suna buga karta. Ya tura baron zuwa ƙofar baya, ya zare sakata, ya tsaya. Sai ya mayar da sakatar, ya juya baron, ya fita ta ƙofar gaba.

Su biyar ne a kan bencin gaban shagon, duk tare suka yi firamare da shi. Suka dakatar da karta suna kallon abin da ya ɗauko, ruɓaɓɓen tumatir na faɗuwa ɗai-ɗai a kan kwalta.

"Manomin birni," wani daga ciki ya ce, "girbi aka yi?"

"Girbi aka yi," in ji Luben. "Saura baro biyu."