Ƙwayar Da Ke Cikin Furar Ramlat

Ranar da 'yan bindiga suka sako Ramlat, uwarta Zuwairatu ba ta gane ta ba sai da ta yi magana. Ƙashi da fata aka dawo mata da su ƙauyensu, Yasore. Matan ƙauye kuwa, ka san halinsu, baki na barka, ido na ƙirga haƙarƙari. Abin ya yi wa Zuwairatu ciwo. Ran kasuwar Batsari ta sayo ƙwayoyin nan da mata ke sha don su yi jiki, ta riƙa jefa mata a fura kullum.

Jiki ya zo, har ya wuce gona da iri. Cikin 'yan shekaru fuska ta cika, wuya ya ɓace, ƙafafu suka kasa ɗaukar ta, ga hawan jini, ga suga. In an fasa ƙwayar sai jiri ya kwashe ta, don haka ba a fasa ba. Yayan Ramlat, Sagiru, ya sayar da shanun huɗarsa, ya ɗauko akori-kura daga Safana, ya kai ta Katsina a yi mata aikin rage tumbi.

Likita ya ce ba a sa wa mai irin wannan ƙiba wuƙa sai an gwada jini da fitsari, a ga ko sinadaran jiki ne suka rikice. Da sakamako ya fito aka fasa aikin, suka dawo gida.

Sagiru ya durƙusa a ƙofar ɗakin uwar. "Inna, likita ya ce ƙwayar nan ce ta jawo. Amma kada ku tsayar gaba ɗaya, jikinta ya dogara da ita. A hankali za a riƙa ragewa."

"Ni na ba ta cutar ke nan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kuma in ci gaba da ba ta da hannuna?"

Kunya da baƙin ciki suka hana ta jin sauran bayanin. Sagiru na fita gona, ta kwashe ƙwayoyin kaf ta zuba a masai. Ta ci gaba da dama fura yadda ta saba, ba ta gaya wa kowa ba.

Ba a jima ba Ramlat ta fara amai. Wata rana da hantsi jikinta ya yi sanyi, ta daina amsa kira. Sai a lokacin Zuwairatu ta faɗi abin da ta yi. Sagiru ya hau babur ya nufi Batsari neman wasu ƙwayoyin.

Zuwairatu ta kasa jira. Ta ɗauki gatari ta shiga bayan gida, ta hau fasa daɓen masai, ko za ta tarar da wasu ba su narke ba. Tana cikin sara ta ji maƙwabta sun ɗauki salati a ɗakin Ramlat. Ta gane salatin sarai, amma ba ta ajiye gatarin ba.