Kazar Haƙori

Radiyya ta wangale baki za ta yi kuka, matan tsakar gida suka kau da kai a tare suna dariya.

"Rufe mana bakin 'yarki, Najiba," in ji Inna Lami, dattijuwar gidan, tana kare ido da gefen mayafi. "Ni ba ni da kazar bayarwa."

Haka al'adar take a wannan gidan haya na unguwar Sabo: duk wanda ya fara ganin haƙorin jariri, kaza ta hau kansa. Wasa ne mai daɗi a gidan da ake cin nama sai ranar Juma'a. Saboda haka tun da Radiyya ta fara dalalar da miyau tana cusa hannu a baki, kowa ya iya ɗaukarta ba tare da ya dube ta sosai ba. Uwa kuwa an ce ba ta leƙawa, wai idonta na sa haƙori ya koma.

Najiba ta sa tafin hannu a wuyan 'yar, ta janye. Haihuwar fari ce, kuma tsoro ya cika mata ciki.

"Inna, jikin nan fa kamar murhu. Ko nono ta ƙi kamawa."

"Haƙori ne, 'yar nan. Takwas na haifa, ba wanda bai yi haka ba."

Ba ta ce biyar ne suka rayu ba, kuma babu mai rashin kunyar da za ta tuna mata.

Iya Basira mai sayar da agbo, maganin gargajiyar Yarabawa, a bakin titi ta aiko da jiƙo a gorar ruwa, aka ɗura wa yarinya. Suwaiba ta ɗakin ƙofa ta kawo garin haƙori na kemis. Kowa da maganinsa, kowa da alherinsa. Da mijinta Gwadabe ya dawo daga sauke albasa a kasuwar Bodija, Najiba ta tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Baban Radiyya, mu kai ta asibiti."

Ya dubi 'yar, ya dubi ƙofar Inna Lami. Mutum ne mai kunyar manya.

"Me Inna ta ce?"

"Wai haƙori."

"To, mu ga gobe."

Goben ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Ran da idanun Radiyya suka kakkafe, jikinta ya shiga jijjiga, Najiba ba ta tambayi kowa ba. Ta goya ta, ta fita ba takalmi, ta tare ɗan acaɓa mai okada a titin Mokola.

Nas ɗin asibitin ta haska idon yarinyar, ta ja fatar ƙasan idon ta ga fari fat. Ta yi faɗa da Yarabanci, sannan ta sassauta murya. Zazzaɓin cizon sauro ne, in ji ta, ya cinye jinin tun tuni. Haƙori na sa ƙaiƙayi da ɗan ɗumi, amma ba ya dafa yaro haka. Kafin a sami jinin ƙari, Radiyya ta cika.

Bayan la'asar aka shimfiɗe ta a tabarma. Inna Lami ce ta yi mata wanka, hawaye na bin haɓarta, don tana son 'yar nan da gaske.

"Sai haƙuri, Najiba," ta ce. "Wani haƙorin da ajali yake fitowa."

Najiba ba ta yi kuka ba tun dawowarta. Ta matso ta durƙusa, ta riƙe likkafanin kafin a rufe fuskar.

"Inna, duba bakinta."

"Haba, 'yar nan."

"Duba mana. Yanzu ai babu kaza a kanki."

Inna Lami ta sa yatsa a hankali, ta bi dasashin sama, ta bi na ƙasa, ta sake komawa na sama. Sumul yake, ko tudu babu.

A zaure, maza suka yi gyaran murya suna jiran a miƙo gawar.